Fom ɗin da Ba Ya Jiran a Gama Gaisawa

Shekara uku ke nan da faruwar abin, ko huɗu idan an haɗa da daminar bana, kuma ban ajiye komai na wancan aikin ba sai kwafin rahoto guda ɗaya. Don haka zai yiwu na gauraya wasu ranakun, ko na sa wa wani magana a baki alhali ba shi ya faɗe ta ba. Abubuwan da nake da tabbaci a kansu ba su da yawa, zan kuma nuna su idan na zo wurin. Sauran kuwa, yadda suka zauna mini a ka ne.

Bayan na gama bautar ƙasa na yi kusan shekara ban samu aiki ba, ina zaune a ɗakin wani abokina a unguwar Bacirawa. Ajinmu ɗaya a jami'a. Ya fi ni baki, ya fi ni saurin yanke shawara, shi ne ma ya laƙaba mini Malam Wataƙila, domin ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na ce wataƙila biyu ta yi. Ya riga ni samun aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin iri, a babban ofishinsu na cikin Kano. Da kamfanin ya buɗe ƙaramin ofis a wajen Makoda, shi ya kai takarduna, shi ya tsaya mini har aka ɗauke ni. Na fara da wannan ne don kada a ce na manta alheri. Ban manta ba.

Aikin kamfanin shi ne raba wa manoma ingantaccen irin gyaɗa kafin damina, idan kaka ta yi ya sayi abin da suka noma. Malaman gona ne suke bin ƙauyuka suna yi wa manoma rajista. A da a takarda ake yi. A shekarar da na zo aka mai da abin cikin waya. Kamfani yana da shafinsa na cikin gida, wanda sai ma'aikaci ne yake shiga da sunansa da kalmar sirri, a tsakiyar shafin kuma aka dasa fom ɗin rajistar, kamar taga a jikin bango. A wurin bita an gaya wa malaman gona cewa da zarar mutum ya sauka daga babur a ƙofar gidan manomi ya buɗe fom, domin fom ɗin yana ɗaukar wurin da yake tsaye da lokacin da ya iso. Daga nan ya cika tambayoyi, ya ɗauki hoton gonar, ya danna maɓallin aikawa. Ni kuma nawa aikin, duk wanda wayarsa ta ba shi matsala ya kawo mini.

Malaman gonarmu biyar ne. Huɗu samari ne sa'o'ina. Na biyar dattijo ne da ya yi aikin gona na gwamnati har ya yi ritaya, kamfani ya ɗauke shi na shekara-shekara saboda da wuya a samu zauren da ba a san shi ba tsakanin Makoda da Bagwai. Baba kowa yake ce masa. Shi kuma Injiniya yake ce mini, duk da na sha gaya masa ba abin da na karanta ke nan ba. A watana na farko shi ya nemo mini ɗakin haya, ya kuma nuna mini gidan da zan riƙa sayen fura ba tare da an cika mini ruwa ba.

Ina jin a sati na farko na rajistar ne, ko farkon na biyu, ya dawo da la'asar ya ajiye wayarsa a teburina. Ya ce da safe ya shiga shafi lafiya lau, sunansa ya fito a sama. Amma a ƙauye, idan ya gama cika fom ya danna aikawa, sai wani akwati ya fito a cikin tagar yana neman sunansa da kalmar sirri. Idan ya sa, sai fom ya dawo fes, babu ko harafi ɗaya na abin da ya rubuta, hoton gonar ma ya tafi.

“Sunana yana nan sama yana kallona, na ƙasa kuma yana tambayata ni wane ne,” in ji shi. “Gida ɗaya fa, Injiniya. Maigida ya san ni, ɗan haya bai san ni ba.”

Na karɓi wayar na gwada a gabansa. An ba ni wani layin gwaji da zan iya aika fom ba tare da ya shiga cikin na gaskiya ba. Na cika, na aika, ya tafi. Na sake, ya tafi. Sau biyar, in ban manta ba. Ina jin kunyar faɗa, amma a raina na ɗauka yatsansa ne yake taɓa wani wuri. Ban nuna masa haka ba. Na canza masa kalmar sirri zuwa wadda ta fi sauƙi, na ce ya gwada gobe.

Gobe ya dawo da maganar jiya. Daga nan na bi duk abin da na sani, da wanda na karanta a intanet. Na goge abubuwan da burauzar wayar, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, ta tara. Na duba agogon wayar, domin na karanta cewa idan agogo ya kauce shafi yakan ƙi yarda da mutum. Na gano kuma fom ɗin ba a gida ɗaya yake da shafin kamfani ba, daga wani wuri aka jawo shi aka dasa, kuma wasu burauzoji ba sa yarda su tuna da mutum a irin wannan tagar sai an ba su izini. Na ba ta izinin, na yi murna, har na ce masa ina ganin an gama. Ba a gama ba. Na canza masa layin waya. A ƙarshe na ba shi wayar ajiya ta ofis, sabuwa a kwalinta. Kullum a teburina abin yana tafiya, kullum da la'asar Baba yana dawowa da fuska ɗaya.

Samarin suka mai da abin na tsokana. Ɗayansu ya ce wayar ma ta ji labarin Baba ya yi ritaya, shi ya sa take neman ya nuna takarda. Baba ya ce ai ba laifin wayar ba ne, a hannun irinsu ta tashi, shi ya sa take tambayar dattijo sunansa ba ta gaishe shi ba. Aka yi dariya har da shi. Su ba su taɓa ganin akwatin ba, sai ɗaya da ya ce ya taɓa fito masa ranar da aka tsayar da shi cin abinci a wani gida. Na ji wannan maganar da kunnena, ban kuma ɗauke ta a bakin komai ba.

Na kira abokina a Kano. Ya ce a wajensu komai lafiya, babu ofishin da ya kawo ƙara. Ya ce tsoho da wayar shafa, me nake tsammani. Na ce wataƙila haka ne.

A cikin sati na uku manajan ofishinmu ya kira ni gefe. Ya ce Kano suna duba yawan manoman da kowane malamin gona ya yi wa rajista, kuma Baba ne a ƙasa, da nisa. Idan aka rufe rajista a haka, ba ya jin za a sabunta masa aiki. Ya ce shi ya san Baba yana fita tun da hantsi, amma su can abin da ya shiga kwamfuta kaɗai suke gani. Ya ce in gano matsalar in rubuta rahoto, domin rahotona ne kaɗai zai iya tsaya masa.

Washegari na hau bayan babur ɗin Baba. Bazara ce, ana ta kai taki. Ko'ina ka duba tsibi-tsibi ne a gonaki, jakuna da mangala suna kai da komowa, gona tana manne da katangar gida, gida yana manne da wata gonar. Ba ma minti biyu a kan hanya sai wani ya ɗaga masa hannu.

A gidan farko ya kashe babur, ya ciro waya ya buɗe fom kamar yadda aka koya musu, sannan ya yi sallama. Maigidan ya fito, aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa a kwano. Suka gaisa. Gajiya, iyali, zafi, ƙafar tsohuwa da ta kumbura, yaron da aka kai makarantar kwana. Sai Baba ya yi masa ta'aziyyar wansa da ya rasu da azumi, muka ɗaga hannu aka yi addu'a. Wayar tana kan cinyarsa duk wannan lokacin. A fom akwai wurin da ake tambayar mutum nawa ne a gidan. Baba bai yi wannan tambayar ba. Daga baya ya ce mini ba a ƙidaya wa mutum iyalinsa a zaurensa. Abin da ya tambaya shi ne, wa da wa za su kama masa noma bana. Maigidan ya shiga lissafo su da labarin kowanne, Baba yana ji yana danna waya da yatsa ɗaya. Sannan muka zaga bayan gida, ya duba ƙasar, ya damƙa ya murza, ya ɗauki hoto, ya danna aikawa. Akwatin ya fito.

Na ga yadda ya yi. Ya kife wayar a tafin hannunsa, ya ce wa maigidan zai dawo ya ƙarasa, na'ura ce take gardama. A hanya na tambaye shi me ya sa ba ya sake cikawa nan take. Ya ce da farko yana yi, amma mutum ya ba ka wuri, ya gaya maka abin gidansa, sannan ka ce masa ya maimaita daga farko kamar a gaban alƙali? Kuma ko ya sake, hira takan sake ɓarkewa, akwatin ya sake fitowa.

Gida na biyu ma haka aka yi. A na uku muka tarar da maigidan ya riga ya ɗaure buhu a keke zai tafi kasuwa. A tsaye aka gaisa, ya ba da haƙuri, ya amsa tambayoyin yana riƙe da keken, ya nuna mana gonar da ke kallon ƙofarsa. Baba ya ɗauki hoto ya danna. Fom ya tafi, ba tambaya.

A nan ne maganar saurayin nan da aka tsayar cin abinci ta dawo mini. Na roƙi Baba mu zauna a gindin wata ɗorawa. Na buɗe layin gwaji a wayata, na cika, na ajiye ta a gwiwa ina kallon agogo. Bayan minti biyar na aika, ya tafi. Na sake, na jira takwas, ya tafi. Na jira sha biyu, akwatin ya fito. Na maimaita a wayarsa, sha ɗaya, akwatin ya fito. Mun fi awa ɗaya a wurin, yana korar ƙuda da hularsa. Wannan yana cikin abubuwan da nake da tabbaci a kansu.

Na ce masa shafin kamfani yana riƙe mutum yini guda, amma fom ɗin da ke cikinsa minti goma kawai yake jira, daga nan ya manta da kai. Ni a teburina ban taɓa kai minti biyu ba. Samarin kuma daga kan babur suke gaisawa.

Ya yi dariya har ya share ido. “Minti goma? Ai a minti goma ban kai ga ƙafar tsohuwa ba.”

Muka shirya cewa daga ranar zai gaisa yadda ya saba, ya rubuta amsoshi a littafinsa, sai an fito za a zaga gona sannan ya buɗe fom. Ya ce a bita ba haka aka ce ba. Na ce na ɗauki nauyin wannan. Kwana shida suka rage a rufe rajista, ya ce zai fara da gidajen da ya ce wa zai dawo.

Tun kafin mu shiga ofis na kira abokina, ina ta zuba kamar wanda ya ci jarrabawa. Ya tambaye ni ko na tabbata. Duk wanda ya san ni ya san wannan tambayar ce take sa ni shakkar kaina. Na ce kusan na tabbata. Na tambaye shi kai tsaye ko akwai wani iyakar lokaci da aka sa wa fom ɗin a wajensu.

“Ban san da shi ba,” in ji shi. “Gwajin rana ɗaya ne, mutumina, a gindin bishiya, inda sabis yake rawa. Ka sake gwadawa gobe kafin ka rubuta abin da zai dawo maka.”

Wannan amsar ma ina da tabbaci a kanta, har da inda nake tsaye lokacin, kusa da famfon da ke bakin ofis.

Da safe na sake gwaji. Na jira minti sha biyar, fom ya tafi. Na jira ashirin, ya tafi. Na hau acaɓa na koma gindin ɗorawar nan na jira rabin awa, ya tafi ba tambaya. Na zauna a wurin ina kallon wayar. Jiya na gaya wa dattijo magana da bakin tabbaci, na sa shi ya karya dokar bita, yau ga shi ba zan iya nuna wa kowa abin da na gani ba.

Na riga na rubuta rahoton tun jiya da yamma, kuma a ciki na faɗa a fili cewa fom yana mantawa da ma'aikaci bayan minti goma. Na kira abokina na karanta masa, na kuma gaya masa yadda gwajin safe ya kasance. Ya ce to na gani. Ya ce sabon shugaban sashensu mutum ne mai bin diddigi, idan na ɗora wa na'urar kamfani laifi aka gwada ba a gani ba, ni ne zan kwana a ciki, ga shi ban cika shekara ba. Ya ce in rubuta yadda na saba rubutu, kada in ɗaure kaina da abin da ba ni da hujja a kai. Maganar Baba kuma in bar masa, shi zai shiga wurin shugaba da kansa. Har godiya na yi masa.

Na cire minti goma. Da Turanci aka rubuta rahoton, ga shi nan a gabana yanzu, kuma ma'anar jimlolin da suka rage ita ce: mai yiwuwa matsalar tana da nasaba da tsawon lokacin da ma'aikacin yake ɗauka kafin ya aika fom; ba a samu irin wannan matsala a wurin sauran ma'aikata ba. Na karanta su sau da yawa kafin na aika, ina neman ƙarya a ciki, ban samu ba. Ban gaya wa Baba na canza komai ba. A kwana shidan nan akwatin bai sake fito masa ba, yana dawowa yana sa mini albarka, ni kuma ina amsawa da amin.

Kwana shida ba su isa su cike sati uku ba. Bayan an yi ruwan shuka da kamar sati ɗaya takarda ta zo daga Kano. Manaja ya kira Baba ciki, suka daɗe. Da ya fito ya zo teburina ya ajiye wayar ofis, da cajarta a naɗe da kyau, da kwalin.

“Injiniya, an ce kai ka rubuta.”

“Ni ne, Baba, amma ba haka nake nufi ba.”

“To ai ba ƙarya ka yi ba. Ina ɗaukar lokaci.”

Ya bi kowa na ofishin ya yi masa sallama ɗaya bayan ɗaya, har mai gadi, ya tambaye shi jikin matarsa. Samarin nan babu wanda ya iya ɗaga kai. Bayan ya tafi manaja ya nuna mini takardar. An ce ba za a sabunta aikinsa ba saboda jinkiri wajen amfani da na'ura, bisa rahoton jami'in fasaha na ofis. An haɗo kwafin rahotona, an ja layi a ƙarƙashin jimlolin nan biyu. Manaja bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi ya zaci zan fi haka.

Na kira abokina. Ya ce wallahi ya yi iya ƙoƙarinsa, abin ya fi ƙarfinsa, daga sama aka yanke. Na yarda. Duk daminar nan kaina nake tuhuma, shi kuwa ina ganin ya yi abin da aboki zai yi.

Da kaka aka kira mu jami'an ƙananan ofisoshi bita a Kano, domin za a ba mu damar gyara wasu abubuwa a fom da kanmu. Wata ma'aikaciyar sashen kwamfuta ce take koya mana. Ta nuna mana wani shafi da yake ajiye tarihin duk canjin da aka taɓa yi wa fom, da ranar, da sunan wanda ya yi, ta ce mu leƙa mu saba da shi. Ni ban je neman komai ba. Ina gangarawa ne kawai sai na ga layi biyu. Na farko, sati ɗaya kafin a fara rajista, an rage lokacin da fom yake riƙe mutum daga awa ɗaya zuwa minti goma. Na biyu, an mai da shi awa ɗaya. Ranar ta biyun ita ce ranar da muka zauna a gindin ɗorawa, da yamma, bayan wayar da na yi a bakin famfo da abin da bai kai awa ba. Suna ɗaya ne a duka layukan.

Na karanta har sau uku, domin na san halina. Na kira matar na tambaye ta ko sunan da ke wurin zai iya zama kuskure. Ta ce sai dai idan mutum ya ba wani kalmar sirrinsa.

Bayan sallar azahar na sami abokina a wurin mai shayin da ke gefen ofis. Bai musa ba, wannan na ba shi. Ya ce masu binciken tsaro ne suka ce a rage lokacin, shi kuma ya sa goma bai tambayi kowa ba, bai san akwai wanda yake rabin awa a kan fom ɗaya ba. Da na kira shi ya gane, ya gyara nan take, me kuma nake so? Da an san shi ne, da shi za a sallama, ga matarsa da tsohon ciki a lokacin. Baba kuwa yana da fansho, yana da gonarsa, ya ci zamaninsa. Na tambaye shi ko ya shiga wurin shugaban kamar yadda ya ce. Ya kalli kofinsa.

Abin da na kasa haɗiyewa ba ɓoyewar ba ce. Mutum yakan ji tsoro, ni na fi kowa sanin haka. Amma ya gyara abin, sannan ya ce mini in je in sake gwadawa. Ya san zan je. Ya san abin da zan gani, ya san kuma abin da zai faru a cikina idan na gani, domin shekara huɗu muna aji ɗaya, shekara ɗaya muna ɗaki ɗaya. Na gaya masa haka, ko wani abu mai kama da haka.

“Ban riƙe maka hannu ba lokacin da kake rubutu,” in ji shi. “Kuma kar ka manta wanda ya kawo ka.”

Na ce wataƙila zan kai maganar gaba. Ya yi murmushi ya maimaita “wataƙila” ɗin, ya biya kuɗin shayinmu ya tashi.

Na kai. Na rubuta wa shugaban sashen takarda, da ranakun da lokutan, na bi ta layi-layi na cire duk wani mai yiwuwa. Bayan sati uku aka amsa cewa an gode, za a duba, amma gurbin malamin gonar an riga an ba wani. Abokina yana nan a kamfanin har yau, na ji ma ya ƙara gaba. Idan muka haɗu a ɗaurin aure mukan yi musabaha. Ni na bar aikin da shekara ta zagayo, ba korata aka yi ba.

Kafin na bar Makoda na je gidan Baba. Na same shi a bayan gida ana tsinkar gyaɗa, ya sa aka kawo tabarma. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, da mai gidan hayata, da ko har yanzu ina sayen fura a inda ya nuna mini. Ina ta jira a gama in faɗi abin da ya kawo ni, na kuma lura ina satar kallon agogo, na ji kunya na juya shi ciki. Da na samu wuri na gaya masa komai, har da rahoton farko da na canza.

Ya saurara har ƙarshe. Bai ce komai game da abokina ba, bai san shi ba. Ya ce gida bakwai ne bai samu ya koma ba kafin a rufe, uku daga ciki ya ɗebar musu daga irin da ya ajiye wa kansa, sauran huɗun har yanzu idan ya hango su a kasuwa yakan canza layi. Sannan ya ce:

“Ran nan a gindin ɗorawa ka ce mini minti goma. Ni na ɗauka abin da ka rubuta musu ke nan.”

Ya sa aka zuba mini gyaɗa a leda, ya raka ni har bakin hanya. Aikin dai bai dawo masa ba.

Waɗanda suka san wannan magana ba su da yawa: Baba, manajanmu na lokacin, samarin nan huɗu, matar da ta koya mana a bita, da shi abokin nawa. Duk sun san inda za su same ni. Idan na sa wata rana a inda ba nan take ba, ko gidajen ba bakwai ba ne, ko tsokanar nan ba wanda nake zato ne ya yi ta ba, ina roƙo a aiko mini in gyara. Idan kuma akwai wanda ya ga abokina ya shiga ofishin shugaba a kan maganar Baba, ko sau ɗaya, ko da bai yi nasara ba, ina roƙonsa musamman ya sanar da ni. Na tambayi mutum biyu, ba su gani ba, amma mutum biyu ba kowa ba ne.